Keken Tela a Shekarar Fari

A shekarar da ruwa ya ɗauke mana hatsi yana iya gwiwa, ni tela ne a Zangon Damagaram. Ina da ɗan shago a bakin hanyar kasuwa: keken ɗinki, benci, da igiyar da nake rataye kayan da na gama. Yawancin masu kawo mini ɗinki mutanen ƙauye ne. Da kaka, in sun sayar da gyaɗa, sai su shigo gari da yadi a hammata, wannan yana son riga, wancan yana son a yi wa iyalinsa kayan salla. A waccan shekarar kaka ta zo ta wuce, igiyata babu ko ƙyalle. Waɗanda suka shigo garin ma ba yadi suka riƙo ba, awaki suka jawo, suna neman mai karɓa ya ba su hatsi.

Wasu telolin sun iya zaman jira. Su shimfiɗa tabarma, su dafa shayi, su yi ta hira har la'asar. Ni ban iya ba. Sai in buɗe shago da safe, in share, in ɗiga wa keken ɗinki mai alhali ba abin da ya ɗinka, in zauna. Kafin hantsi ƙafata ta fara rawa da kanta. In tashi in leƙa titi, in dawo, in warware tsohon ɗinki in sake mayarwa. In na hango ɗan gajimare ta gabas sai in fito in tsaya ina kallo, ko da yake na san lokacin ruwa ya riga ya wuce. Barci ba na samu sosai, abinci kuma ba na jin daɗinsa.

Ina da keken hawa, irin mai kaurin ƙarfen nan da aka ƙera don duwatsu da hanyar daji. Na same shi ne tun kafin farin, a hannun wani Alhaji Bakano mai kawo kayan gwanjo kasuwar Dole. Na ba shi rediyona mai kaset da tsohon baƙin kekena, ya ba ni shi. Da ya zo hannuna sai na yi masa abin da kowa yake yi wa keke a gari. Na sa masa kariya a baya, kwando a gaba, murfin taya don taɓo, madubai, ƙararrawa, har da fulawar roba. Tayoyinsa na asali da suka cinye na musanya su da sirara masu santsi. Ƙarfen da ke canza bitas kuwa, wato giya in ji Kanawa, ya taɓa ba ni wahala, na sa aka cire shi aka gajarta sarƙa. Keken ya zama jakin kai ni shago da ɗauko bidon ruwa daga famfo, don a Damagaram ko a shekarar daɗi ruwa sai an bi shi.

Wata rana bayan azahar na rufe shago ban san inda zan nufa ba. Maimakon in juya gida sai na miƙe, na bi ta bayan Birni, na wuce gidajen ƙarshe, na shiga wata hanyar awaki da ta ratsa tsakanin manyan duwatsun nan da suka kewaye garin. Ban yi nisa ba yashi ya riƙe tayar gaba, na sauka na tura. Na hau, na sake sauka. Kwando yana karkarwa, kariya tana ƙara kamar za ta zube, madubi ɗaya ya karye a jikin reshen aduwa. Amma akwai wani wuri da hanyar ta hau bayan wani faffaɗan dutse, ta gangara ta ɗaya gefen. Na tura keken har sama, na tsaya ina haki, sannan na hau na sake shi. Gangaren bai fi tsawon layin shagunanmu ba, amma a cikinsa ban tuna hatsi ba, ban tuna shago ba, ba abin da ke kaina sai inda tayar gaba za ta taka. Da na iso ƙasa na ji ina dariya ni kaɗai. Na juya zan sake hawa sai na ga tayoyin duka sun kwanta. Ƙayar tsidau ce ta bi su ko'ina. Da ƙafa na dawo gari ina turawa, ana kiran magariba.

Washegari na kai shi wurin abokina mai gyaran kekuna, wanda ke da rumfa a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da tasha. Unguwa ɗaya muka tashi, tare aka yi mana kaciya, don haka ba ma raga wa juna. Yana kirana Tela, ina kiransa Mai-faci. Shi ma aikin ya tsaya masa, masu kekuna sun koma ɗaure taya da igiyar roba maimakon su kawo gyara.

Ya juya tayar yana zare ƙaya da farce. "Tela, gonar wa ka shiga?"

"Bayan duwatsu na je."

"Neman me?"

"Ba komai."

Ya ɗago ya dube ni. "Ba komai ɗin ne ya kai ka har can da ranar nan?"

Na ce masa ina so in koma, kuma ina so keken ya daina yi mini gardama a yashi da dutse. Na zaci zai yi mini dariya. Ya yi ɗin, amma yana dariyar yana laluben kile, wato sufana, a cikin akwatinsa.

A ranar muka tuɓe shi. Kariya, kwando, murfin taya, madubin da ya rage, fulawa, duk muka tara a gefe. Ƙararrawa kawai na hana a cire, saboda awaki. Da na ɗaga keken da hannu ɗaya sai na ji kamar ba nawa ba.

Ƙaya ce ta fi cinye mana lokaci. Mai-faci ne ya fara kawo shawara: tunda iska ce ke fita, a daina sa iska. Ya ce in kwaso masa ƙyallayen da suka taru a ƙarƙashin teburina. Muka cire shambar, robar cikin nan da ake hura wa iska, muka yini muna ɗura tsumma a taya da sanda. Na hau na zaga tasha. Tayar ta yi ƙulu-ƙulu, tana jefa ni sama a kowane juyi, ga nauyi kamar ina jan amalanke. Direbobin da ke zaune a inuwa suka yi ta tafi. Muka sake yini muna zare tsumman.

Tawa dabarar ita ma ba ta zo daidai a karon farko ba. Na je wurin dukawa a Birni na roƙi ragowar fatar da suke yankewa, na yanka ta doguwa kamar ɗamara, muka shimfiɗa ta tsakanin taya da shambar. Tsidau ya daina ratsawa, sai dai gefen fatar da kanta ya riƙa cin robar, har ya yi mata doguwar tsaga da faci ba ya kamawa. Na zauna a shago na fere gefen da aska har ya yi laushi, na lulluɓe shi da tsohon zanen matata na bi da ɗinki. Shi ne aikin farko da keken ɗinkina ya yi a cikin makonni, na kuwa yi shi da kulawa kamar rigar ango. Wannan ta riƙe. Ƙayar aduwa takan ratsa wani lokaci, amma tsidau ya sallama mini.

Ƙarfen bitas ɗin da na sa aka cire, ashe Mai-faci bai yar ba, yana ƙasan akwatinsa cikin tsatsa. Muka jiƙa shi a kananzir muka goge har ya fara motsi. Amma sarƙar ta yi gajere, kuma babu tayar daji a duk kasuwar. Dole na koma wurin Bakanon.

"Malam tela," ya ce, "kowa in ya zo wurina masara yake tambaya, ko garin rogo. Kai kuma taya mai haƙora?"

"Da sarƙa doguwa, Alhaji. Da wayar bitas."

"To, Allah ya kyauta. Sai na dawo."

Na ɗinka masa riguna a madadin kayan. Jiran dawowarsa ya fi komai ci mini rai. Kullum sai na bi ta rumfar Alhajin in tarar da ita a rufe, in zaga in sake biyowa kamar zai faɗo daga sama. A cikin jiran muka yi abin da za mu iya. Muka ciro faffaɗan kan wani mataccen moto, wato babur, muka ɗora a madadin ɗan guntun kan keken, na ɗinka wa mariƙinsa fata. Na sauke sirdi kaɗan na cusa masa auduga. Mai-faci ya yanko robar birki daga tsohuwar tayar kamiyo, babbar motar kaya.

Ranar da kayan suka iso, kafin azahar mun ɗaura komai. Na fita da zafin rana, ko abinci ban ci ba. Dutsen da na tura keke na hau a karon farko, yanzu sai na mayar da sarƙa kan babban faifan baya, na hau shi a zaune, a hankali, tayar tana kama dutsen kamar ƙafar ƙadangare. Faɗin kan ya sa keken ya daina fizge mini hannu. Yashi ne kawai ya ci gaba da kayar da ni, har sai wata rana da bakin shambar ya riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan ban sani ba. Na ratsa wata busasshiyar ƙorama da kullum nake sauka a cikinta, na fita ɗaya gaɓar ban sa ƙafa a ƙasa ba. Da na duba sai na ga tayar ta yi taushi. Na gaya wa Mai-faci, ya ce zancen banza ne, taya mai taushi ba ta da wani amfani sai tsaga roba a kan dutse. Shi ma da gaskiyarsa, don na tsaga ɗaya a makon. Daga baya na koyi sassauta iska in zan shiga yashi, in ƙara in zan hau dutse, na ɗaure ɗan famfon hannu a jikin ƙarfen.

A gida kuwa abin bai yi wa matata daɗi ba. Ita ce ke riƙe da gidan a lokacin, da ƙosan da take soyawa da safe, waken ma yana neman gagarar ta. Wata rana na dawo na share tuwon da ta aje mini, na ɗaga kai ina duban tukunya. Ta tsaya a bakin madafa.

"Maigida, tun da ka fara fitar nan kana dawo mini da cikin mutum biyu. Kowa yana lallaɓa abin da ya ci ya kai shi dare, kai kana zuwa kana zubar da naka a daji."

Ta ƙara da cewa matan unguwa suna tambayarta ko wani abu ya taɓa ni, don an gan ni a kan dutse ina hawa ina sauka, ba kaya ba saƙo.

Na jingine keken a zaure na ce na bari. Na koma zagaye tsakar gida. Na gyara ƙofar da ba ta lalace ba, na kwance danga na sake kafawa. Ko a tabarma na zauna sai in ji kamar tururuwa na bin ƙafata. Ranar da na fara gaya mata yadda ya kamata ta jera itacenta, sai ta aje muciya, ta shiga zaure, ta turo keken har gabana.

"Ɗauki abinka ka fita, don Allah. Amma ka riƙa fita da sassafe kafin rana ta yi, kuma tuwo ba zan ƙara maka ba."

Daga nan na riƙa fita bayan sallar asuba. Na bar duwatsun bakin gari na fara bin burtalin shanu da hanyoyin da mata suka fitar da ƙafa zuwa rijiya. Kowace na samu sai in bi ta in ga ƙarshenta, in ta ƙare in kama wata. Daɗin yana nan, ba zan ɓoye ba: sanyin safiya a fuska, ƙarar haƙoran taya a kan tsakuwa, kwanar da za ka kwanto da keke ka ji ya riƙe. Amma da na yi nisa da gari sai na riƙa ganin abin da a shago labarinsa kawai nake ji. Gonaki da karan da bai kai ƙugu ba, ba wanda ya damu ya yanke. Rumbuna a buɗe. Saniya kwance a gindin gawo, fata ta manne da ƙashi. Mata a daji suna tsinkar ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. In na tsaya shan ruwa a ƙauye sai a kewaye ni, a zaci ma'aikacin furoje ne, na ƙungiyoyin agaji, ya zo rubuta sunayen masu karɓar taimako. In na ce ni tela ne, yawo nake, sai a dubi juna. Wani dattijo ya taɓa duban keken, ya dube ni, ya ce, "Yawo. To, Allah ya ba da lafiyar yi." Har yau ban san ko addu'a ya yi mini ba ko magana ya gaya mini.

Yayata, wadda ta goye ni, tana aure a wani ƙauye kusa da Zermu. Rabona da ita tun kafin shuka. Ban shirya zuwa wurinta ba. Wata safiya ce hanya ta yi ta ja na gabas, tudu bayan tudu, har na hango kukar da na sani a bakin garinsu. Rana ta take lokacin da na yi sallama. Ta fito tana kare ido da hannu.

"Auta? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Keke na hawo."

"Daga Damagaram? A kan wannan ƙwarangwal ɗin?"

Ta zagaya keken tana riƙe da haɓa. Ta rame ƙwarai, zanen ya yi mata yawa. Mijinta ya tafi cirani Nijeriya da babban ɗansu tun da hatsi ya ƙone, ya bar ta da ƙanana. Ta kawo mini ruwa, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe. Na san abin da take nema, na kuma san babu. Ta fito da ɗan kwano na dafaffen ganye da aka barbaɗa wa ƙuli. Na ce na ƙoshi. Ta ce in ban ci ba kada in ƙara taka mata gida. Na ci, tana zaune tana ba ni labarin waɗanda suka tafi da waɗanda suka rage.

Da zan tafi ta rako ni bakin kuka. Ta dafa inda kariya take a da, ta ce, "Ka zo mini hannu rabbana, abin naka kuma ko wurin ɗaura ƙunshi babu." Da wasa ta faɗa, tana murmushi. Amma duk tsawon hanyar komawa maganar tana kaina. Ranar ban ji daɗin gangare ko ɗaya ba.

Da na gaya wa Mai-faci maganar Yaya, ya ce abin mai sauƙi ne, kariyar tana nan rataye a rumfarsa, a mayar. Muka mayar, na ɗaura ɗan buhu na gwada a bayan duwatsu. Nauyin ya koma baya, tayar gaba tana ɗagawa a hawa, a yashi kuma keken yana wutsil-wutsil kamar kifi. Da haka ba zan kai Zermu ba, in ma na kai ba zan so komawa ba, na san halina. Na sake cire ta, muka yi ta musu har ya ce in kwashe kekena daga rumfarsa. Na tura shi shago na jingine, na zauna ina kallonsa. Tsakanin ƙarafan tsakiya, ƙasa da sirdi, akwai fili ba komai a ciki. Na auna wurin, na yanka tsohon tamfol, na ɗinka jaka daidai shi, siririya don kada gwiwa ta riƙa gogar ta, da maɗauran fata. Ba ta cin abu da yawa, ƴan tiyoyi ne, amma nauyin ya zauna ƙasa a tsakiya, keken ma sai ya fi natsuwa a kan tsakuwa.

Matata ce ta fara cika ta, ban tambaye ta ba: gero kaɗan, garin rogo, gishiri, ƙuli. Daga nan duk mako sai na je. Ba zan ce tausayi kaɗai ke kai ni ba. Ina son ganin Yaya, ina kuma son hanyar, musamman wani dogon gangare mai jan tsakuwa da ke gab da garinsu, inda nakan saki birki in bar keken ya yi yadda ya so.

A wannan gangaren ne wata safiya tayar gaba ta faɗa wani rami da ban gani ba. Na tashi sama na dira da kafaɗa, keken ya wuntsula ya daki dutse. Ban ma duba gwiwata da ke jini ba, don na ji wata ƙara shuuu a bayana. Ɗinkin jakar ya ɓalle, gero yana tsiyaya cikin tsakuwa. Na toshe wurin da hannu, na cire hula, na durƙusa ina tattarawa da ƙasar da komai. Rana ta ɗaga ina nan ina tsince. Na isa wurin Yaya da hula cike da jan ƙasa. Ta karɓa, ta ɗauko faifai ta zauna ta yi ta bakace har geron ya fita. Sai da ta gama sannan ta ɗebo ruwa ta wanke mini gwiwar, tana dannawa da ƙarfin da na san da gangan take yi. Na koma na ninka ɗinkin jakar, na yi mata ƙaramin buhu a ciki. Tun daga ranar sai in sauko da kaya a hankali, in sauke mata, sannan in koma in hau tudun in gangaro yadda nake so, ita kuwa tana bakin kuka tana girgiza kai.

Fushin Mai-faci bai daɗe ba. Na bi ta rumfarsa wata rana na tarar ya haɗa wani keken daga tarkacen da ya tara, yana shimfiɗa fata a tayarsa. Bai dube ni ba ya ce, "Ka ɗinka mini irin jakar nan." Da bazara ta matso ya ce yana so mu je Gidimuni ya ga tafki, rabonsa da ganin ruwa mai faɗi tun yana saurayi. Muka kwana a garin su Yaya, muka kama hanya da asuba muna tambayar makiyaya. Hanyar ta fi duk wadda na sani yashi. Na waiwaya na gan shi a tsugune yana sassauta wa tayarsa iska, na yi kamar ban gani ba. Can gaba ya faɗi a wata ƙorama, ƙarangiya ta cika masa wando, muka zauna muna cirewa yana tsine wa ranar da ya san ni.

Hantsi ya yi sosai lokacin da muka hau wani tudu muka hango dabinai, kore shar a tsakiyar ƙasar da ta ƙone. Muka gangara. Tafkin ya janye nesa da inda masu lambu suka ce yana kaiwa, ya bar ƙasa a tsattsage, shanun da aka koro daga nesa sun cika bakinsa. Amma dai ruwa ne. Mai-faci ya yar da keke, ya shiga da kayansa har ƙugu, ya tsaya kawai. Wani mai lambu ya sara mana rake, muka zauna a inuwar dabino muna sha.

A nan ya gaya mini. "Tela, Kano zan tafi. Alhajin nan ya ce akwai wuri kusa da shagonsa, kuma masu kekuna sun yi yawa a can."

"Yaushe?"

"Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu."

"Shi ya sa ka ce mu zo nan?"

Ya tofar da ɓawon rake. "Na ce in ga abin da kake gani kafin in tafi. Na gani. Wahala ce zalla." Sannan ya ce, "Amma gangaren nan na jan tsakuwa, a komawa sai mun sake shi, kuma ni zan shiga gaba."

Na so in ce ya jira damina ko za a dace. Ban ce ba. Ƴaƴansa sun fi nawa yawa, kuma a gidansa ba mai sana'a sai shi.

Daminar da ta biyo baya ta yi kyau. Mijin Yaya ya dawo da shuka, ɗinki ya dawo mini da kaka, har na riƙa rasa safiyar fita. Mai-faci kuwa can ya kafa rumfa, daga baya ya kwashe iyalinsa, sai dai mu gaisa ta bakin direbobi. Amma ranar da ya tafi ba wanda ya san yadda za a ƙare.

Na raka shi tasha. Aka ɗaure akwatin kayan aikinsa da kekensa a saman kamiyo, ya hau ya zauna tare da wasu masu tafiya cirani. Da motar ta tashi sai na hau nawa na bi ta. A cikin gari na riƙe ta, don tana tsayawa ɗaukar mutane. Da ta hau godoron Takieta, wato kwalta, ta fara ba ni rata, na sauka gefen hanya na bi turbar jakuna ina taka feda iya ƙarfina, shi kuma yana ɗaga mini hula yana faɗar wani abu da ƙarar inji ta hana ni ji. Na bi har na daina ganin ta. Na tsaya ƙirjina na bugawa, gumi na shiga mini ido. Komawa gari in wuce ta rumfarsa a rufe, ban iya ba a lokacin. Ta hannun hagu akwai wata siririyar hanya da ta nufi kudu cikin sabara, ban taɓa bin ta ba. Na kurɓi ruwa, na juya kan keken na shiga.